Sauraro Ma Cin Batir Yake: Tarihin Sadarwar Miƙa-Miƙa

Ka ɗauka a ce an ɗora ƙananan na'urorin rediyo a Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, kowacce tana karɓar saƙo ta miƙa wa ta kusa da ita, ba tare da turken kamfanin waya ba. Wannan shi ne tsarin miƙa-miƙa. Ya dace da Birnin Zazzau, inda katangun ƙasa masu kauri ke raunana siginar Wi-Fi. To, amma idan an ɗauke wuta, me zai riƙe na'urorin?

Tunanin ba sabo ba ne. A 1973 hukumar DARPA ta Amurka ta fara gwajin aika bayanai ta rediyo daga tasha zuwa tasha. Da Wi-Fi ya fito a 1997, sai al'ummomi suka fara haɗa nasu tsarin. Nan matsalar ta bayyana: na'urar da ke miƙa saƙon wasu ba ta isa ta yi barci ba. Kamar mai gadi take, ko ba kowa a ƙofa, kunnenta a buɗe yake, kuma sauraron nan wuta yake sha.

Yi lissafin da kanka. Rauta mai jan wat 5 tana cinye wat-awa 120 a kwana guda, ko da kowa na barci. Ƙara ƙurar hunturu da ke rufe farantin sola, da zafin bazara mai rage wa batir kwana.

A jiharmu ma an ɗanɗana. Wajajen 2007, Gidauniyar Fantsuam da ke Kafanchan ta kafa Zittnet, intanet mara waya domin karkara. Saboda rashin tsayayyen lantarki, sai da ta tanadi sola da tarin batura.

Mafitar da injiniyoyi suka samo ita ce koya wa rediyo barci. Ƙa'idar da aka gina Zigbee a kanta, ta 2003, ta ba ƙananan na'urori damar farkawa na ɗan lokaci su koma. LoRa, wadda Semtech ya mallaka a 2012, tana kai saƙo kilomitoci da wuta kaɗan, sai dai gajeren rubutu ne, ba bidiyo ba.

Saboda haka idan unguwarku za ta haɗa irin wannan tsari, kada ku tsaya kan nisan zango. Ku tambaya: wat nawa na'urar ke ja lokacin da ta yi shiru? Amsar ce za ta nuna ko batir zai kai asuba.