Ban-ruwan ɗigo da gishirin ƙasa a gonakin auduga

Ban-ruwan ɗigo hanya ce ta shayar da shuka ta siraran bututu masu zubar da ruwa kaɗan-kaɗan a gindinta. A jihar Xinjiang, mai noma kusan kashi 90 cikin ɗari na audugar ƙasar Sin, an fara gwada shi a ƙarƙashin leda a Shihezi a 1996. Ledar tana rage tururin ruwa, ɗigon kuma yana ture gishiri daga saiwa. Sai dai gishirin ba ya barin gona: yakan taru tsakanin kunyoyi da can ƙarƙashi, musamman inda ruwan shayarwar yake da zartsi. Shi ya sa manoma suke malala ruwa a gonar da hunturu ko bazara, domin wanke shi.