Darasin da dalma ta koya mana a Anka da Bukkuyum

Daga Gummi har Anka, duk ma'aikacin lafiya ya san abin da takarda ta tanada idan aka kawo yaro yana jijjiga a lokacin bazara: zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. A farkon 2010 haka muka bi. Muka ba da maganin da ƙa'ida ta ce, amma yaran 'Yargalma da Dareta suka ci gaba da mutuwa. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta aika jini Turai aka gano gubar dalma ce, daga dutsen zinaren da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Yara kusan 400 muka rasa.

Da aka san cutar, sai muka tarar littafin jinyar ma bai san mu ba. A Amurka aka tsara ƙa'idojin jinyar dalma, don yaron da ya ci ɓawon tsohon fenti. Sun ce a fara magani idan awon dalma a jini ya kai 45, idan ya haura 70 a kwantar da yaro a yi masa allura ta jijiya. Na'urarmu ta awon jini kuwa a 65 take tsayawa, yaranmu kuma wasu sun haura 300. Dole aka riƙa sirka jinin kafin ta iya karantawa. Ina gadon da zai ɗauki dubban yara, ga damina ta yanke hanya?

Aka koma kan maganin sha, DMSA, aka ba har yaran da littafi bai yarda a ba su shi kaɗai ba, ana auna jini, ana gyara tsawon kwanakin shan. Mace-mace suka ragu ƙwarai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙauyen Bagega. Magani ba ya amfani idan yaro zai koma kan ƙasar da ta sa masa gubar, don haka sai an kwashe ƙasar gari tukuna. Yaran Bagega suka jira kuɗin gwamnatin tarayya har 2013.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na jinyar gubar dalma, kuma cikin hujjojin da ta dogara da su akwai bayanan yaran Zamfara da muka rubuta a asibitocin Anka da Bukkuyum.