Bass Reeves: Bawan da Ya Zama Dodon 'Yan Fashi a Yammacin Amurka

A shekarun 1870, duk wanda ya yi kisa ko ya saci doki a Teksas ko Kansas ya san inda zai dosa: Yankin Indiyawa, wanda a yau yake cikin jihar Oklahoma. Nan ne gwamnatin Amurka ta kora ƙabilu biyar na 'yan asalin ƙasar tun a shekarun 1830, wato Cherokee da Choctaw da Chickasaw da Creek da Seminole. Ƙabilun suna da kotunansu da 'yan sandansu na kan doki, amma hukuncinsu bai hau kan wanda ba ɗan ƙabila ba. Wannan giɓi ne ya mayar da yankin mafakar ɓarayin shanu da 'yan fashi da masu fasa-ƙwaurin giya.

Kotun tarayya da ke da hurumin yankin tana Fort Smith, a bakin iyakar Arkansas. A 1875 Shugaba Ulysses Grant ya tura mata alƙali Isaac Parker, wanda ya shekara 21 a kan kujerar, ya yanke wa mutum 160 hukuncin kisa, aka rataye 79 daga cikinsu. To amma alƙali ba ya yin shari'a sai an kawo masa mai laifi. Wa zai shiga wannan daji ya kamo shi? Cikin waɗanda aka ɗauka wannan aiki akwai wani baƙar fata mai suna Bass Reeves.

An haifi Reeves cikin bauta a Arkansas a 1838, ya tashi a Teksas. Lokacin yaƙin basasar Amurka ya tsere wa ubangidansa, ya fake a Yankin Indiyawa, inda ya laƙanci hanyoyin dajin, ya kuma koyi harsunan mutanen wurin. Bayan an soke bauta a 1865 ya kama noma a kusa da Van Buren. Sanin daji da jin harshe su ne jarin da ya shiga aikin da su.

Aikin bai yi kama da abin da finafinan kaboyi suke nunawa ba. Jami'i yakan fita ne da keken doki, da kuku, da mai gadi, da tulin ankwa da sarƙa. Tafiya ɗaya takan ci makonni, wani lokaci watanni. Da dare a ɗaure kamammu a jikin doguwar sarƙa, da safe a ci gaba da neman na gaba. Babu albashi, ana biyan jami'i ne gwargwadon nisan da ya yi da yawan waɗanda ya kawo, don haka kawo mai laifi da rai ya fi masa amfani a kan gawa. Jami'ai fiye da 60 na kotun Parker sun rasa rayukansu a bakin aiki.

Reeves bai iya karatu ba, domin ba a koya wa bawa. Kafin ya fita sai ya sa a karanta masa takardun sammaci ɗaya bayan ɗaya, ya haddace sunan kowa da laifinsa da kamannin takardarsa. Ya kuma gwanance a ɓad-da-kama. Ana ba da labarin yadda ya bar dokinsa, ya sa tsummokara da yagaggiyar hula, ya taka da ƙafa zuwa gidan mahaifiyar wasu 'yan fashi biyu, ya ce shi ma hukuma ce ke bin sa. Ta ba shi abinci da makwanci. Da 'ya'yanta suka yi barci ya danna musu ankwa, gari na wayewa ya tasa su gaba. A shekaru 32 na aikinsa, an ƙiyasta ya kama mutum kusan 3,000, ya kuma kashe 14 a musayar wuta.

Shi ma ya taɓa tsayawa gaban Parker a matsayin wanda ake tuhuma. A 1887 aka yi masa shari'a kan harbin kukunsa, ya ce tsautsayi ne, aka wanke shi. Amma babbar jarrabawarsa ta zo a 1902, lokacin da ɗansa Bennie ya kashe tasa matar ya gudu. Reeves ya karɓi sammacin da hannunsa, ya nemo ɗan nasa, ya miƙa shi ga kotu, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ba kowane uba ne zai iya haka ba, kuma ba kowane mai riƙe da doka ba ne yake yarda ta hau kan gidansa.

A 1907 Oklahoma ta zama jiha, kuma ɗaya daga cikin dokokin farko da majalisarta ta zartar ita ce ta raba farare da baƙaƙe a jiragen ƙasa. Mutumin da ya shekara talatin yana sa wa fararen fata ankwa ya wayi gari ba shi da ikon zama a tarago ɗaya da su. Ya ƙarasa aikinsa a matsayin ɗan sandan gari a Muskogee, ya rasu ranar 12 ga Janairu, 1910.

Finafinai sun daɗe suna ɗaukaka Jesse James da Billy the Kid, waɗanda fashi da kisa suka fito da sunansu. Reeves kuwa sai a 2012 aka kafa mutum-mutuminsa a Fort Smith, fiye da shekara 100 bayan rasuwarsa. Ya cancanci fiye da haka, domin irinsa ne suka sa manomi da matafiyi suka fara barci da ido biyu rufe a wancan yanki.