Tufafin Gargajiya na Ƙasar Kano da Aikin Baje Kolinsu

Duk wanda ya ba da kansa don taimakawa wajen shirya baje kolin tufafin gargajiya, a wuri irin Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, abin da zai fara lura da shi shi ne riga ɗaya aikin hannu da yawa ce. Manomi ya noma auduga, mata suka gurje ta suka kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi da baba da toka, mabugi ya buge ta har ta yi sheƙi, sannan maɗinki ya zauna wata da watanni yana fitar da aska biyu ko aska takwas.

Wannan sana'a ta daɗe a Kano. Ana danganta kafuwar marinar Ƙofar Mata da shekarar 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga ƙasar a kowace shekara sun kai na wuri miliyan 300. Ya kuma nuna cewa suna kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Garin Kura ya yi suna wajen turkuɗi, wanda Buzaye ke saye don rawani. Ban da shi akwai saƙi mai kama da gashin zabuwa, da tsamiya mai ruwan ƙasa, da barage wanda ake saƙa shi da jan alharinin da fatake ke kawowa ta hamada.

Bayan zuwan Turawa a 1903 da isowar jirgin ƙasa a 1911, yadin kanti mai arha ya cika kasuwa. Sannu a hankali masaƙa suka ragu, karofi da dama suka cike da shara.

A nan ne nauyin masu aikin sa-kai yake. Rataye riga a bango ba wuya, amma idan babu takardar da ta faɗi sunanta da garin da aka saƙa ta da wanda ke sa irinta, baƙo zai gan ta ne a matsayin tsumma. Wannan ilimi kuwa yawancinsa yana bakin tsofaffin masaƙa da marina da dillalan Kasuwar Kurmi. Ya kamata a zauna da su, a shimfiɗa masu kayan ɗaya bayan ɗaya, a rubuta abin da suka faɗa. Haka kuma a nisanta tufafin da zafin rana da danshi da asu, a riƙa sauya ninkinsu don kada zaren ya karye.

Rigar da asu ya ɓata ana iya yi mata ƙwaskwarima. Tsohon da ya san sunanta idan ya rasu ba a rubuta ba, shi ke nan an rasa.