Baƙin da suka zama ƴan gida: barkono da mangwaro a tukunyar Adar

Daga watan Maris zuwa Yuni, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40 a Tawa, mangwaro kan cika kasuwannin birnin da na garuruwan arewacin Adar, irin su Barmu da Kalfu da Affala. Yara ba sa jiran ya nuna. Tun yana ɗanye suke yanka shi, su barbaɗa masa gishiri da dakakken barkono, wanda mutanen wannan yanki ke kira tonka, su ci suna yamutsa fuska. Amma da za a ɗauki wannan haɗi a zuba cikin tukunya, a ƙara sukari da citta da tafarnuwa, a dafa har ya yi kauri ya zama miyar dangwale mai zaƙi da yaji, da yawa cikinmu za su ce abincin Nasara ne, ba namu ba. Tarihi bai goyi bayan wannan hukunci ba. Wanda ya bi diddigin kayan da ke cikin tukunyar Adar zai tarar yawancinsu baƙi ne da suka zo ɗaya bayan ɗaya. Masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne, sai dai waɗannan baƙi rana ta fito ba su tashi ba.

Adar ƙasa ce ta mahaɗa. Tana tsakanin Abzin da Azawak a arewa, da Kabi da Gobir a kudu. Masanin tarihi Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya bayyana a littafinsa na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa yadda Agabba, ɗan gidan sarautar Agadas, ya karɓe yankin daga hannun Kabi a 1674, da yadda ya dawo ya zauna cikinsa bayan an tuɓe shi daga sarautar Agadas a 1721. Daga zuriyarsa sarakunan Adar na Illela suka fito. Abin da ya shafe mu a nan shi ne hanyoyin da wannan dangantaka ta riƙe a buɗe. Ayarin raƙuma kan sauko da gishirin Bilma da na Tigidda, da dabino, da cuku, su koma da gero da tufafi. Daga kudu kuma fatake ke hawowa da goro da kayan yaji.

Kafin barkono, zafin miya daga waɗannan fatake yake zuwa. Masoro da kimba da ƴar citta duk tsirran ƙasashen kurmi ne, ba sa yi a kan duwatsun Adar. Kanumfari ya ma fi su nisan gida, domin asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunusiya, kuma sunansa daga Larabci muka aro. Ke nan yaji a wancan zamani haja ce ta saye, mai tsada, wadda ake aunawa kaɗan-kaɗan saboda mai jego, ko fura ta manyan baƙi, ko magani. Talaka ya fi dogara da abin da ƙasarsa ke bayarwa: daddawar batso da ake yi da ƴaƴan yakuwa, da albasa, da kanwa, da tsamiya. Zaƙi kuwa sai zuma da dabino da takanɗa, da ƴaƴan itatuwa irin su magarya da aduwa da goriba.

Barkono ɗan nahiyar Amurka ne. Mutanen Meziko da na kudancin nahiyar sun shafe dubban shekaru suna noma shi kafin Kolumbus ya isa can a 1492. A 1493 ya koma Sifaniya da labarinsa, kuma ba a jima ba jiragen ruwan Fotugal suka shiga yaɗa irin. Tun a 1482 Turawan Fotugal suka gina ganuwarsu a Elmina, a gaɓar Gana ta yau, suka isa Indiya a 1498, suka kama Gowa a 1510. Ta wannan zirga-zirga barkono ya sauka a gaɓar Afirka ta Yamma da ta Indiya cikin ƙarni guda. Daga bakin teku iri ya bi sawun fatake zuwa arewa, daga kasuwa zuwa kasuwa, daga garka zuwa garka. Harshe ma ya ajiye mana alamar hanyoyin. Sunan attarugu ya yi kama da ata rodo na Yarbawa, wanda ke nuni ga kudu. Sunan masara, wadda ita ma ƴar Amurka ce, yana nuni ga Masar da hanyar hamada.

Abin da ya sa barkono ya yi nasara a fili yake. Shi ne yaji na farko da manomin Adar zai shuka da kansa a bakin rijiya ko a fadama, ya tsinka, ya shanya a rana, ya ajiye shekara guda bai lalace ba. Abin da a da sai mai kuɗi ke saye, ya shiga turmin kowace mace. Bai kori masoro da kimba ba, ya shiga cikinsu ya zama uban tafiya. Haka gyaɗa, wadda Adarawa ke kira gujiya, da tumatir da rogo da dankali suka biyo baya daga nahiyar guda. A dubi kilishin Madawa da na Tawa, wanda ba wanda ke musun cewa namu ne: tunkuzar da ake shafa masa da barkonon da ke ba shi zafi duk daga ƙetaren Tekun Atlantika suka fito. Da za a cire baƙi daga kilishi, da sai nama da gishiri da ɗan masoro za su rage.

Mangwaro daga gabas ya zo, kuma ya makara sosai. Asalinsa arewa maso gabashin Indiya ne da ƙasar Bama, inda aka daɗe ana dasa shi tun dubban shekaru. Sunansa ma daga harsunan kudancin Indiya Turawan Fotugal suka ɗauko, suka ce manga, har ya iso bakin Bambarawa da Yarbawa da Hausawa a matsayin mangoro ko mangwaro. Ya riga ya isa gaɓar Afirka ta Gabas tun da daɗewa ta hannun ƴan kasuwar tekun Indiya, amma a Afirka ta Yamma sai a ƙarni na 19 aka fara ambatonsa, a lambun gwaji na Richard Toll da ke Senegal cikin shekarun 1820. Ya ratsa cikin ƙasa a zamanin mulkin mallaka, ta lambunan bariki da na ƴan mishan da gidajen sarakuna. Ire-iren da aka yi wa aure, masu tsoka da ƙarancin zare, irin su Kent da Keitt, daga Florida ta Amurka aka kawo su a tsakiyar ƙarni na 20.

A arewacin Adar mangwaro bai sami wuri da sauƙi ba. Ruwan saman Tawa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, itacen kuwa yana son saiwarsa ta taɓa danshi. Shi ya sa ba a ganinsa kan fako, sai a kwari inda ruwan ƙasa ke kusa, kamar kwarin Tadis da ke gefen Tawa, da na Kaita, da Majiya. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta dage kan noman rani, kuma a wannan shekara aka ƙaddamar da aikin raya karkara na Kaita da taimakon Italiya da hukumar FAO, wanda ya gina shingayen tare ruwa ya dasa miliyoyin itatuwa. Garake sun ƙaru, itatuwan marmari sun sami gindin zama a cikinsu. Duk da haka, kaso mai yawa na mangwaron da ake ci a Tawa manyan motoci ke kawo shi daga kudu, daga Najeriya ta Ƙwanni, da wajen Gaya, da sauran ƙasashe maƙwabta.

To, haɗa mangwaro da yaji da gishiri fa, wa ya fara? Ba Turawa ba ne. Ibn Battuta, matafiyin nan na Maroko wanda ya ratsa ƙasar Nijar ta yau ya sauka Takadda a 1353, ya ba da labarin abincin da aka ba shi a Magadishu wajen 1331. Ya ce an kawo shinkafa da nama, tare da jiƙaƙƙen lemun tsami, da kayan yaji da aka tsuma da gishiri, da ɗanyar citta, da mangwaro, ana cin loma ana haɗawa da su. Yajin da ya gani ba barkononmu ba ne, tunda a lokacin bai ƙetaro teku ba. A Indiya ma ya ga yadda ake zuba wa ɗanyen mangwaro gishiri a ajiye. Da barkono ya isa Indiya a ƙarni na 16, sai ya shiga wannan tsohon haɗi da Indiyawa ke kira catni. Ingilishi sun same shi a can lokacin mulkinsu, suka ƙara masa sukari, suka ɗura a kwalba suka kai Ingila. Mutanen Iraƙi kuma suna da nasu mai suna amba, wanda ya zo musu ta cinikin Bombay. Saboda haka abin da muke ɗauka na Nasara, Afirka ta san kakansa shekaru ɗari bakwai da suka wuce. Hasali ma musayar ba ta gefe ɗaya ba ce: tsamiya ƴar Afirka ce, ta je Indiya ta zauna har Larabawa suka raɗa mata suna dabinon Indiya.

A nan ne tarihi ke taɓa rayuwar yau. Gwanintar Adar a fannin abinci ita ce ajiya. Ƙasar da damina ke wata uku ta koya wa mutanenta kada su bar komi ya ruɓe. Nama ya zama kilishi, nono ya zama cuku, ganyen albasa ya zama gabu, tumatir ya zama kauɗa, kuɓewa da barkono suka sha rana aka daka. Kowane baƙo da ya shigo sai da aka nema masa hanyar kaiwa baɗi. Mangwaro ne kaɗai ya tsallake wannan makaranta, saboda bai daɗe da zuwa ba. Yana zuwa gaba ɗaya, farashinsa ya faɗi, zafi ya nuna shi cikin kwana biyu ko uku, abin da ba a sayar ba a zubar a bayan kasuwa. Ƙudan ƴaƴan itace ɗan Asiya da aka fara gani a Kenya a 2003, ya kuma bazu Afirka ta Yamma cikin shekaru biyu, ya ƙara yawan asarar. Wannan ɓarna kuwa tana faruwa ne a daidai lokacin da rumbu ke yin ƙasa, ganye ke wuya, jikin yara ke buƙatar sinadarin bitamin A da mangwaro ke ɗauke da shi. Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun kama hanyar busar da shi, har ƙungiyoyin mata na wajen Bobo Julaso ke sayar da busasshen mangwaro a Turai.

Miyar mangwaro mai yaji wata hanya ce ta ajiya, kuma dabarunta ba baƙi ba ne a wurin matan Adar. Ana fere mangwaron da ya nuna amma bai yi laushi ba, a yanka ƙanana. A daka barkono da citta da tafarnuwa da ƴar albasar Galmi. Mai son rage zafi sai ta cire ƴaƴan barkonon da farar fatar da ke riƙe da su, domin a nan zafin ya fi taruwa. A zuba duka a tukunya da sukari ko mazarƙwaila, da gishiri, da ruwan tsamiya ko na lemun tsami mai yawa, a dafa da wuta kaɗan ana juyawa har ruwan ya tsane. Sukari da gishiri suna janye ruwan da ƙwayoyin cuta ke rayuwa da shi, tsami yana hana su yaɗuwa, wuta tana kashe waɗanda ke ciki. Tsamin nan wajibi ne, saboda nunannen mangwaro ba shi da isasshen nasa. A ɗura da zafinta a kwalbar da aka tafasa, a rufe sosai, a ajiye a inuwa. Idan an buɗe, a cinye cikin ƴan kwanaki in babu firji, kuma duk kwalbar da ta yi kumfa ko ta sauya wari a zubar. Tana tafiya da gasasshen nama, da ƙosai, da ɗanwake, da shinkafa da wake.

Aikin da ke gaban malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu iri biyu ne. Na farko shi ne rubutawa. Tsofaffin da suka san ma'aunin yajin jego, da yadda ake daddawar batso, da sunan wanda ya fara dasa mangwaro a garinsu, suna raguwa, dunƙulen Maggi kuma na maye gurbin ɗanɗanon da suka sani. Ɗalibi ɗaya da littafin rubutu zai iya tattara abin da babu shi a kowane kundi. Malamin tarihi kuwa zai iya koyar da tafiyar Kolumbus da cinikin tekun Indiya da hanyar ayarin Bilma da abin da ke cikin ƙwarya guda ta yaji. Na biyu shi ne gyara fahimtarmu game da gargajiya. Kakanninmu ba su tambayi barkono asalinsa ba kafin su jefa shi a turmi. Sun gwada, suka ga amfani, suka ba shi suna da harshensu. Adarawan da ke zuwa biɗa Abijan da Kumasi da Legas har gobe suna dawowa da sababbin ɗanɗano, kamar yadda fataken da suka gabace su suka yi. Idan matan Tawa suka saka mangwaro cikin jerin abubuwan da ake ajiyewa, tsohon aikin Adar suka ci gaba da shi. Da sannu za a nema wa miyar suna na gida, kuma jikoki za su rantse cewa tun kaka da kakanni ake yin ta.