Peugeot 404: Tarihinta, Ƙirarta da Zamanta a Afirka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin tarihin mota guda ɗaya, watau Peugeot 404, wadda Hausawa suka fi sani da Fijo. Za a duba asalinta, da yadda aka tsara injinta da sauran sassanta, sa'an nan a nemi amsar tambaya ɗaya: me ya sa motar da aka ƙera domin magidancin Faransa da iyalinsa ta zama jakin ɗaukar kaya da fasinja a Afirka har fiye da shekara talatin? Amsar tana da muhimmanci ga duk mai nazarin tarihin masana'antu a ƙasashenmu.

2.0 Tushen Motar

Kamfanin Peugeot ya fara ne da sana'ar ƙarfe a shekarar 1810, yana ƙera zarto da makamantansa, tun kafin a san mota. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa sun mamaye babbar masana'antarsa ta Sochaux, jiragen Ingila kuma suka yi wa yankin ruwan bama-bamai a watan Yuli na 1943. Saboda haka, da aka gama yaƙi kamfanin ba shi da ƙarfin yin motoci iri-iri. Sai ya tattara hankalinsa a kan mota guda, wadda za ta yi ƙarko, ta kuma yi tsimin mai. Wannan ita ce 203, wadda ta fito a 1948 da inji mai si-si 1,290. A 1955 aka kawo 403 mai si-si 1,468, wadda gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ya tsara wa siffa, aka kuwa sayar da fiye da miliyan ɗaya daga cikinta.

A watan Mayu na 1960 ne 404 ta fito. Pininfarina ne dai ya sake zana ta, shi ya sa ta yi kama da Austin Cambridge na wancan zamani, tun da yake hannu ɗaya ya zana su. Abin lura kuma shi ne ta fito a shekarar da Nijeriya da Nijar da yawancin ƙasashen Afirka ta Yamma suka sami mulkin kai, lokacin da sababbin ma'aikata da 'yan kasuwa suke neman abin hawa.

3.0 Ƙirar Motar

Tsawon salun ɗin ya kai kimanin mita 4.4, tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya kuwa milimita 2,650 ce, nauyinta kuma ya ɗara tan ɗaya da kaɗan. Injinta na fetur mai silinda huɗu ne, si-si 1,618, ƙarfin doki 72 bisa ma'aunin Amurka, yana kai ta gudun kilomita 142 a cikin sa'a. An jingina injin gefe da kusurwa 45 domin a rage tudun bonet, nauyi kuma ya sauka ƙasa. Giyarta huɗu ce ta gaba, sandar giyar tana jikin sitiyari, abin da ya bar sarari a kujerun gaba.

Akwai abubuwa uku a cikin ƙirarta da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, silindojin injin ba a jikin buloki aka huda su ba. Hannayen riga ne na ƙarfe da ake zarewa. In inji ya gaji, bakanike zai cire su ya sa sababbi tare da fistin da zobba, ba sai an kai buloki wurin injin gogewa ba. Na biyu, farfelar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya tana cikin wani bututun ƙarfe ne wanda ya haɗe giyabos da aksil na baya. Bututun yana kare ta daga duwatsu da yashi, yana kuma riƙe aksil ɗin daram. Na uku, ƙafafunta huɗu duka suna kan sifirin mai murɗi, mai dogon zango, wanda ke shanye gargada da ramuka. Sai dai haƙoran aksil na baya na salun irin masu murɗi ne da ke juya faifan tagulla, suna kuwa bukatar mai na musamman, wanda in aka yi sakaci da shi sai faifan ya cinye.

Ba a daɗe ba aka ƙara mata 'yan'uwa. A 1962 aka fito da doguwar wagon, mai tazarar tayoyi milimita 2,840, wadda samfurinta na iyali yake da layin kujeru uku. An yi mai ƙofa biyu, da mai buɗaɗɗen rufi, an kuma sa wa wasu inji mai fesa mai na Kugelfischer a madadin kafireta. Akwai kuma mai injin dizal na Indenor, si-si 1,948. A 1967 a-kori-kura ta biyo baya, ita ce kuwa ta fi sauran daɗewa a bakin aiki.

4.0 Gwaji a Fagen Tsere

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A watan Yuni na 1965 wata 404 mai injin dizal, da aka yi wa kujera ɗaya tak, ta kafa bajinta 40 a filin tsere na Montlhéry a Faransa. Amma abin da ya ɗaga sunanta a wannan nahiya shi ne tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda a wancan lokaci ake yi a Kenya da Uganda da Tanzaniya. Ta lashe shi sau huɗu: Nick Nowicki da Paddy Cliff a 1963 da 1968, Bert Shankland da Chris Rothwell kuma a 1966 da 1967. A tseren 1963 motoci bakwai kaɗai suka kai ƙarshe saboda ruwan sama da taɓo, 404 ce kuma a gabansu. Wannan ya zame wa dillalai shaidar da ta fi kowace talla.

5.0 Zamanta a Ƙasar Hausa

A Nijeriya an kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, bisa haɗin gwiwar gwamnati da kamfanin na Faransa. Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antarsa a Kakuri, Kaduna, a 1975, 404 tana kuwa cikin motocin da aka fara haɗawa a can tare da ƙanwarta 504. Shekarar ta zo daidai da cunkoson jiragen siminti a tashar ruwa ta Legas, don haka aka riƙa ɗauko sassan motocin ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, sa'an nan a kai su Kaduna. A Nijar kuwa, ban da waɗanda aka shigo da su sababbi, matasan Turawa sun riƙa ƙetaro Sahara da tsofaffin Fijo ta hanyar Tamanrasset, su sayar a Arlit da Agadas. A tasha da kasuwannin ƙauye, wagon ta zama tasi mai dogon zango, a-kori-kura kuma ta ɗauki hatsi da dabbobi da mutane gaba ɗaya.

An daina yin salun ɗinta a Faransa a 1975, amma an ci gaba da haɗa 404 a Kenya har zuwa 1991. Jimlar waɗanda aka yi a duniya ta kusa miliyan 2.9.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa ƙarkon 404 ya samo asali ne daga talaucin bayan yaƙi, wanda ya tilasta wa maƙeranta yin mota mai sauƙin gyara, mai jure mugun hanya. Waɗannan halaye su ne suka dace da bukatun direba da bakanike na Afirka. Sai dai akwai darasi mai ɗaci a ciki. Haɗa mota daban, ƙera ta daban. Tun da yake manyan sassa daga waje ake sayo su, da darajar Naira ta faɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, sai farashin motar Kaduna ya fi ƙarfin ma'aikaci, tsofaffin motocin Turai da ake shigowa da su ta Kwatano suka cike gurbin. Ƙwarewar da ta zauna da gindinta ita ce ta kanikawan bakin titi, waɗanda suka riƙe waɗannan motoci shekaru da dama bayan an daina yin su. Ya kamata masu nazari su tattara tarihin waɗannan kanikawa da direbobi daga bakinsu tun suna raye, domin wannan ɓangare na labarin ba ya cikin kundin kamfani.