Aska da Fuska Mai Ƙuraje: Daga Zabirar Wanzami zuwa Reza

Hausawa na cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Amma saurayin da ƙuraje suka feso ma a kumatu ya san wani wurin da ya fi goshi zafi. Duk malamin da ya koyar a kwaleji ko lise ya ga irin wannan yaro, ya zo aji ranar Litinin da haɓa duk yanka, wuya ya yi rududu. Ciwon ƙarami ne, sai dai yana da tarihi.

A ƙasar Hausa, tun daga Gobir da Katsina har Damagaram da Adar, aski aikin wanzami ne, kuma sana'ar gado ce. Maƙeri ke ƙera aska, wanzami ya wasa ta a dutse, ya goga a fata, ya adana cikin zabira tare da ƙaho da almakashi. Shi ke yi ma jariri askin suna rana ta bakwai, shi ke kaciya da tsaga da cire beli, kuma a fada akwai Sarkin Aska mai shugabantar ƴan sana'ar. Sunan ya yi nisa: Zabarmawa na cewa wanzam, haka ma a Gana ana kiran mai kaciya wanzam.

Abin lura shi ne inda askar ke bi. Mafi yawan aikinta bisa kai yake. Magidanci yakan bar gemunsa, kamar yadda malamai suka koyar, wanzami ya rage gashin baki, ya daidaita saje, ya share gefen kumatu. Ba kullum ake yi ba, sai ranar kasuwa ko jajibirin Juma'a, don haka fata na samun kwanaki ta huta. Kuma fuskar tana hannun wani mai kallonta da rana tsaka. In ya ga ƙurji sai ya kewaye shi, in wurin ya yi yawa ya ce a bari sai wani mako.

A Turai ma haka abin yake da farko. Doguwar aska mai naɗewa, wadda garin Shafil na Ingila ya shahara da ƙera ta, a hannun masu aski take, domin riƙe ta sai gwani. Wani maƙerin wuƙaƙe na Faransa, Jean-Jacques Perret, ya wallafa littafi wajen 1770 a kan yadda mutum zai yi ma kansa aski, ya kuma sa ma askar kariya ta itace don kada ta nutse cikin fata. Babban canjin ya zo daga Amurka. King Camp Gillette ya fara sayar da reza mai bakin da ake jefarwa a 1903, inda a shekarar ya sayar da 51 kacal. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, aka raba ma sojojinta miliyoyin reza, suka koma gida da al'adar aske fuska kowace safiya.

Wannan al'ada ta iso mana ta bariki da ofis da makarantar boko. Sojan mulkin mallaka da akawu da ɗan makaranta duk an so a gan su da fuska sumul. Kayan Turai kuma sun yawaita a Maraɗi da Damagaram zamanin cinikin gyaɗa, wasu ta kantunan kamfanonin Faransa, wasu ta Kano, inda jirgin ƙasa ya iso a 1911. Sannu a hankali aski ya bar gindin itace ya koma gaban madubi, kuma ya sauko daga kai zuwa haɓa da wuya.

A nan ne ƙuraje suka samu ƙofa. Iri biyu ne, ko da yake mutane na haɗa su. Na farko ƙurajen samartaka, masu fitowa in maiƙo da matacciyar fata suka toshe ramin gashi har ya kumbura. Aska ba ta kawo su, amma in ta bi ta kansu takan fille su, su yi jini, su bar baƙin tabo mai daɗewa a fatarmu. Na biyu ƙurajen aski. Gashin baƙar fata murɗaɗɗe ne. In an yanke shi daf da fata sai bakinsa ya yi tsini, ya lanƙwaso ya soki fatar, jiki kuma ya ɗauke shi kamar ƙaya. Likitoci biyu na Amurka, Strauss da Kligman, sun bayyana yadda abin ke faruwa a 1956. Matsalar ta fi fitowa fili cikin sojojin Amurka baƙaƙe, waɗanda doka ta tilasta ma aski kullum. Rundunar ruwan ƙasar ta yarda da barin gemu a 1970, ta sake hana shi daga 1985. Reza mai baki biyu da ta fito a 1971 ba ta kawo sauƙi ga mai irin wannan gashi ba, domin bakin farko na jawo gashi, na biyu ya yanke shi, sauran ya koma ƙarƙashin fata.

Kada mai karatu ya ɗauka askar wanzami ba ta da laifi. In an ja fata sosai, aka bi gashi ta baya don neman santsi, ita ma tana haddasa ƙuraje. Laifinta mafi girma kuwa jini ne. Aska guda kan bi kawuna da yawa a yini, kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B na iya rayuwa mako guda cikin busasshen jini. Bayan da aka tabbatar da cutar sida a Nijar a 1987, jama'a suka fara tsoron askar taro, kuma suna da gaskiya. Fuska mai ƙuraje ita ta fi shiga haɗari, don ita ce mai saurin zubar da jini. Shi ya sa masu aski da yawa suka koma ga aska mai ɗaukar rabin reza, a karya sabuwa a gaban mai aski, a jefar bayan an gama.

Abin da likitocin fata ke faɗa yau bai yi nisa da abin da gwanin wanzami ke yi ba: a jiƙa gashi da ruwan ɗumi da sabulu, a bi shi ta inda ya kwanta, hannu ya yi sauƙi, kada a maimaita wuri guda, a kewaye ƙurji, in fata ta ɓaci a huta ko a rage gashin da almakashi. Reza ta ba kowa ikon yi ma kansa aski, ta kuma kare mu daga jinin wani, amma ba ta zo da wannan sani cikin kwalinta ba.

Tsofaffin wanzamai na nan a kasuwannin Tawa da Tasawa da Madawa, sai dai ƴaƴansu da yawa sun kama wasu sana'o'i. Ya kamata ƙungiyoyin al'adu su zauna da su, su rubuta sunayen kayan zabira da yadda ake riƙe aska, tun ana iya tambaya. Malami kuwa, in ya ga ɗalibinsa da haɓa duk yanka, ya ja shi gefe ya gaya masa cewa fata ma tana son hutu.